A Kan Layi Ɗaya da Kano

Ranar da na sauka a Bremerhaven, a arewacin Jamus, ruwa ake yi. Ba irin namu ba, wanda hadari zai haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, mata su ruga kwashe shanya, sannan a tsuge da shi kamar da bakin ƙwarya. Wannan yayyafi ne siriri, ba tsawa ba walƙiya, yana sauka tun safe ba alamar ɗaukewa. Matar da aka turo ta tarbe ni a tashar jirgin ƙasa ta gaishe ni, magana ta biyu da ta fito daga bakinta kuwa ban haƙuri ce, wai na zo na tarar da mummunan yanayi. Na waiga ina neman abin da ya lalace. Ashe ruwan take nufi.

Ni mutumin arewacin Jigawa ne, can wajen Maigatari, inda idan aka kwana da ruwa gaisuwar safe takan koma "Ya ruwa?" a amsa "Ruwa ya yi gyara." Inda idan damina ta yi jinkiri ake fita bayan gari roƙon ruwa, manya da yara. Ban taɓa jin an kira ruwan sama da muni ba. Maganar ta tsaya mini a rai, sai da na yi watanni a ƙasar kafin na gane daga ina ta fito.

Abin da ya kai ni wani tsari ne da Jamusawa ke kira Volontariat. Wanda ya gama digiri na biyu yakan shiga gidan tarihi ya yi shekara biyu yana koyon aikin a hannun ma'aikata, ana ba shi ɗan albashi. Gurbin da na samu a wani ƙaramin gidan tarihi ne da ke gaɓar Tekun Arewa, suna shirya baje koli a kan tarihin sauyin yanayi. Da na gaya wa Baba kafin in taso, ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai kuwa, me za ku saka a cikin gilashin? Iska ko zafin rana?" Ba zolaya yake yi ba, da gaske yake tambaya. Ni ma ban da amsa. Gidan tarihin da na sani shi ne Gidan Makama a Kano, inda na yi karatu: takubba, sulke, lifidi, hotunan sarakuna. A kaina, tarihi shi ne wanda ya hau gadon sarauta da wanda ya ci wani da yaƙi. Fari da ambaliya kuwa abin Allah ne, suna zuwa suna wucewa, ba a yi musu shekara balle a yi musu ɗaki.

Makon farko shugabar sashenmu, wata dattijuwa mai furfura da ke zuwa aiki a kan keke ko ana ruwa, ta tara mu ta ba kowa aiki iri ɗaya. Kowa ya nemo abu guda, wanda za a iya ɗauka da hannu, da zai ba da labarin sauyin yanayi, ya kuma rubuta masa bayanin da bai wuce kalma sittin ba. Kalma sittin! Ni da na saba babin farko na kundin digiri ya cinye shafi talatin. Ta ce mai ziyara a tsaye yake, ɗansa na jan rigarsa, in ba ka kama shi a layi biyu ba ya wuce. Na ga kamar an raina ilimi. Daga baya na tuna cewa karin magana ma ba ta kai kalma goma ba, kuma ita mutane ke riƙewa bayan an manta da dogon wa'azi.

A ɗakin karatun gidan na fara gane cewa lallai abin yana da tarihi, da mutanensa da shekarunsa. Na ɗauka maganar ɗumamar duniya ta jiya ce, ta taron ƙasashe da ake yi duk shekara. Ashe tun 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika kwalaben gilashi da iska iri-iri ta ajiye a rana, ta ga wadda ke ɗauke da iskar kabon ta fi zafi kuma ta fi daɗewa ba ta huce ba. Ta rubuta cewa da wannan iska za ta yawaita a sama, da duniya ta ƙara zafi. A taron masana ba ita ta karanta takardarta ba, wani namiji ne ya karanta, aka kuma manta da sunanta fiye da shekara 150. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya zauna da alƙalami ya lissafa yadda zafi zai ƙaru idan iskar ta ninka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai tsorata ba, gani yake ƙasashen sanyi za su ji daɗi. Da na sha hunturun farko a arewacin Jamus, inda a watan Disamba rana ke fitowa wajen takwas da rabi ta faɗi jim kaɗan bayan huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar 'yan uku, na fahimci dalilin da mutumin Suwidin zai yi wa ɗumi maraba. Kowa da abin da yake tsoro. Sai a 1938 wani injiniyan tururi a Ingila, Guy Callendar, ya tattara ma'aunin zafi na tashoshi 147 ya nuna cewa duniya ta riga ta fara ɗumama. A 1958 kuma Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa a Hawai. Ya tarar da kusan kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Kafin zamanin masana'antu wajen 280 take.

Amsar tambayar Baba kuwa a Bremerhaven ɗin na same ta. A garin akwai Cibiyar Alfred Wegener, mai binciken ƙanƙarar doron duniya, wadda ke da jirgin ruwan nan Polarstern. Masana irin nasu sukan haƙa ƙanƙarar Antaktika su zaro ta doguwa kamar taɓarya. Dusar da ta zuba kowace shekara tana danne ta bara, iskar da ke tsakaninta ta maƙale a cikin ƙananan kumfa. A wani wuri da ake kira Dome C an haƙa fiye da kilomita uku, aka samo iskar shekara 800,000, kuma a duk tsawon wannan zamani iskar kabon ba ta taɓa wuce kimanin 300 ba. A wani zaman horo da aka yi mana, wani masani ya jefa guntun tsohuwar ƙanƙara a kofin ruwa ya ce mu kasa kunne. Tana ta ƙas-ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa, tsohuwar iska ce ke fita. Da daddare na buga waya gida na ce, "Baba, ashe iskar ma ana ajiye ta." Ya ce, "Ikon Allah. Wanda ya ajiye ta ai ya fi masu haƙo ta."

Amma wurin da ya fi girgiza ni shi ne Klimahaus, wani gini na gilashi mai kama da jirgin ruwa da ke bakin tsohuwar tashar jiragen garin, wanda aka buɗe a 2009. Dabarar da aka gina shi a kai mai sauƙi ce. An ɗauki layin taswira da ya ratsa Bremerhaven daga arewa zuwa kudu, digiri 8 da minti 34 gabas, aka bi shi aka zagaye duniya. Kana tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki kana shiga ƙasashen da ke kan hanyar, kowane ɗaki da zafinsa ko sanyinsa na gaske: tsaunukan Siwizalan, tsibirin Sardiniya na Italiya, Nijar, dajin Kamaru, Antaktika, sannan ka ɓullo ta bayan duniya zuwa Samowa da Alaska, ka dawo gaɓar Jamus. Ina tsaye gaban taswirar ina bin layin da yatsa, na sauko ta Bahar Rum, na ratsa Sahara, na ƙetare iyakar Nijar, sai yatsana ya tsaya cak. Layin ta gabashin birnin Kano ya bi. Na sake dubawa a waya, haka ne. Wato duk tsawon shekarun da na yi a Kano ina kan layi ɗaya da wannan gari mai yayyafi ban sani ba. Lokacin da rana ke tsaka a Dala shi ne lokacin da take tsaka a nan, sai dai a can tana bisa kanka, a nan da hunturu ba ta wuce saman rufin gidaje.

Ɗakin Nijar na wani wuri ne da ake kira Kanak, labarin wani iyalin Buzaye. Zafinsa ya kai wajen digiri 35. Jamusawa na shiga suna cire riguna suna fifita da takarda, ni kuwa a karon farko cikin wata uku na ji kafaɗuna sun saki. Na zauna na daɗe. Akwai yashi, akwai busasshiyar iska, kuma an girmama mutanen da aka nuna, su suke magana da bakinsu. Ina zaune wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, ganin hulata, ta tambayi mahaifiyarta wani abu. Uwar ta matso cikin ladabi ta ce yarinyar na son sanin ko daga can nake, kuma ko akwai bishiyoyi a garinmu. Na ce akwai gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, muna noman gero da wake da riɗi, kuma garin da ya fi girma a kan wannan layi kusa da mu yana da mutane fiye da Berlin. Yarinyar ta zaro ido. Ba laifinta ba ne, ba kuma laifin ɗakin ba, don ɗaki ɗaya ba zai ɗauki yanki guda ba. Abin da na tambayi kaina a hanyar komawa shi ne, sauran labarin wa zai kawo shi in ba mu ba?

Sai dai da na zauna in kawo shi, na tarar hannuna wayam.

Wata Lahadi wani abokin aikina ya kai ni yawo a kan ganuwar teku. Ganuwa nake kiranta don ba ni da sunan da ya fi dacewa: tudun ƙasa ne dogo da aka gina da hannu, ciyawa ta rufe shi, tumaki na kiwo a kai, ya miƙe iya ganinka. Ta wannan gefe teku, ta wancan gidaje da gonaki, wasu ma ƙasa suke da ruwan idan ya cika. Mu mun yi ganuwa don mahara, su sun yi don ruwa. Ya nuna mini wani ginshiƙi da aka yi wa zane-zane, kowane zane da shekararsa, iyakar inda ruwa ya kai ke nan. Ya ce a ambaliyar Kirsimeti ta 1717 mutum fiye da dubu goma suka mutu a wannan gaɓa. A daren 16 ga Fabrairu 1962 ruwa ya fasa ganuwa a Hamburg ya kashe fiye da 300, kakarsa a kan rufi ta kwana. A Cuxhaven tun 1843 ake rubuta tsayin teku, kuma ya ƙaru da kimanin santimita 20 a shekara ɗari da ta wuce. A kan wannan tudu, iska na neman ture ni, na gane matar tashar jirgi. Mutanen da ruwa ke zuwa musu da gawa ba za su gaisa da "ruwa ya yi gyara" ba. Na kuma tuna cewa mu ma gaisuwar ta fara yi mana nauyi a baki, tun ambaliyar 2022 da ta cinye garuruwa a Jigawa, da ta Satumbar 2024 da ta shanye Maiduguri bayan madatsar Alau ta ɓalle.

Ya ba ni labarin wani dutse kuma a kogin Elbe, a garin Děčín na ƙasar Cek, wanda ba ya bayyana sai ruwa ya ja baya ƙwarai. Mutanen da suka gabata sun sassaƙa shekarun fari a jikinsa, har da 1616, da gargaɗin cewa wanda ya gan shi ya yi kuka. A 2018 da 2022 ya sake fitowa. Sannan ya juyo ya tambaye ni, "Ku a ina kuke rubuta naku?"

Na yi shiru. Na san an yi fari a 1973, na san an yi a 1984, amma daga littafin Turawa na sani. Ban san ko ginshiƙi ɗaya ba a duk ƙasarmu da aka zana wa shekarar yunwa.

Daren nan na sa ƙanwata ta kai wa kakata waya. Ta ce, "Angona, ka tafi ka bar ni da cefane." Na ce, "Hajiya, tambaya gare ni. Kin tuna farin 1973?" Ta ce ita ba ta san wata saba'in da uku ba. Na ce lokacin da shanu suka mutu. Nan take ta ɗauka, ta yi kusan awa ɗaya ban sa baki ba. Ta faɗi wanda take goyo a shekarar. Ta faɗi yadda Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa ba ko akuya, mutanen da a da suke da garke, suna zaune a bakin kasuwa. Ta faɗi yadda aka koma cin tafasa da yaɗiya, yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, yadda aka sussuke ƙarangiya aka fitar da ƙwayarta, yadda wasu suka tona gidan tururuwa don hatsin da ta tara. Ta ce yunwar da ta biyo bayanta, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda a lokacin aka rufe iyaka, ta fi zafi a wajen 'yan'uwanmu na ƙetare. Ta ce duk wannan wasa ne a kan Kakalaba, wadda kakarta ta ba ta labari. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914.

Ashe muna rubutawa. Ba a dutse ba, a suna. Kowace yunwa an raɗa mata suna kamar jariri, kuma da ita ake lissafin haihuwa da aure da mutuwa. Ni da na yi digiri biyu a tarihi ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin kundin yanayi ba, saboda na saba cewa abin da ba shi da lamba ba hujja ba ne. Amma dutsen Elbe yana nan ko an shekara ɗari ba a dube shi ba. Namu kuwa, ranar da aka binne tsohuwa an binne shi.

Akwai wani dalili da ya sa abin ya dame ni fiye da kewa. A karatun da na yi don baje kolin na ga yadda aka daɗe ana ba da labarin farinmu ba da bakinmu ba, kuma sau da yawa mu ake ɗora wa laifin. A 1935 wani malamin gandun daji daga Edinburgh, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu, ya danganta abin da noma da kiwon mutanen yankin. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 da 1937, ya bi iyakar Najeriya da Nijar, wato ƙasarmu, bai ga wannan hamada mai tafiya ba. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A 1975 masani Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo ne ke tsiraita ƙasa har ruwa ya ragu. Sai daga baya, musamman binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, aka nuna cewa babban abin da ya juya daminar Sahel shi ne zafin ruwan tekuna. Wasu binciken kuma suka nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, da ya sanyaya arewacin Tekun Atlantika, yana da hannu wajen tura hadari kudu. Makiyayin da kakata ta gani a bakin kasuwa ya rasa garkensa, aka kuma ce shi ya jawo. Ba na cewa saran itace ba ya ɓarna, yana yi, mun gani da idonmu. Amma labarin da aka tsallake shi ne na manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun tsakiyar shekarun 1980 suka koma barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta itace miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar. Wannan ma tarihin sauyin yanayi ne, kuma da Hausa aka yi shi.

Da farko na so abin da zan gabatar ya zama hoton kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a jihar Yobe ya ci karo da shi a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Masanan Jami'ar Maiduguri da na Frankfurt ne suka tono shi a 1994. Jirgin ruwa a inda yau ake neman ruwa da guga! Shugabarmu ta saurare ni, sannan ta ce in yi hattara, mai ziyara zai iya fita yana cewa ai yanayi dama yana sauyawa, ba ruwan ɗan'adam. Ta yi gaskiya. Wancan sauyi ya ɗauki dubban shekaru, sanadinsa kuma yadda duniya ke karkata a zagayenta na rana. Na yanzu cikin shekara 150 ya faru, daga kwal da man fetur da gas. Kalma sittin ba za su ɗauki duka biyun ba.

Sai na roƙi Hajiya kwanon awonta, wani tsohon mudu da ya lotsa a gefe, wanda ta ce da shi ta riƙa auna abin da za a dafa a shekarar da shanu suka mutu, kullum tana rage cikarsa. Ta ce, "Me Turawa za su yi da wannan tsohon kwano?" amma ta bayar, wani ɗan garinmu ya taho da shi. Yanzu yana cikin gilashi, kusa da zanen ma'aunin iskar kabon na Keeling mai hawa sama, an sa abin saurare a gefensa. Muryarta ce a ciki da Hausa, minti uku, an rubuta fassarar da Jamusanci. Nakan tsaya daga nesa in ga wanda zai ɗauka. Tsofaffi sun fi daɗewa. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe, ya neme ni ya ce mahaifiyarsa ma haka ta riƙa auna gari a hunturun yunwa na 1946 zuwa 1947, bayan yaƙi.

Na ɗauki awa shida na maganar Hajiya zuwa yanzu, na kuma sa ƙannena suna zagaya tsofaffin unguwarmu. Biyu daga cikin waɗanda ta ce lallai a je wurinsu sun rasu kafin a kai gare su, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka ga farin 1973 da hankalinsu yau sun haura sittin. Mai karatu, idan kana da irinsu a gida, ka zauna da su da wayarka tun kafin damina ta kama. Ka tambaye su sunan da aka raɗa wa yunwar a garinku, me aka ci, ina aka gudu, wa ya dawo, wane itace ne ya ɓace daga gona tun lokacin. Ka rubuta sunan garin da ranar da ka ɗauka, ka kuma ba wani kwafi ya ajiye.